Sun san illar, me ya hana su bari?

Wani malamin sakandare a cikin garin Jos, wanda kuma shi ke riƙe da ladabtarwa a makarantarsu, ya aiko da wannan tambaya: "Duk zango sai mun gayyato masu faɗakarwa sun yi wa ɗalibai lacca a kan illar ƙwaya da shisha da sigari. An nuna musu hoton huhun da ya lalace, an kawo wanda ya taɓa shiga harkar ya ba da labarinsa har wasu suka yi hawaye. Idan aka tambaye su a jarrabawa sai su zayyano illolin babu kuskure. Amma ba a rufa mako biyu sai mun kama wasu a bayan aji. Taurin kai ne, ko rashin tarbiyya daga gida? Me binciken masana halayyar ɗan Adam ya ce, kuma me za mu yi?"

Malam, Allah ya ƙara haƙuri. Zan fara da abin da ka faɗa da bakinka, cewa suna zayyano illolin a takardar jarrabawa babu kuskure. Ka gaskata su. Ba munafunci suke yi ba, da gaske sun sani. Wannan ne abu na farko da bincike ya daɗe da nunawa, ko da yake mu manya ba mu cika son jin sa ba, domin yana rage darajar abin da muka fi iyawa, wato nasiha.

An daɗe ana cewa yaro gani yake babu abin da zai same shi. A 1993 Baruch Fischhoff da abokan aikinsa a Amurka suka gwada wannan magana. Sun tambayi matasa da iyayensu yadda kowa ke ganin yiwuwar wata musiba ta faɗa masa, sai aka tarar yaran ba su fi iyayen jin sun fi ƙarfin haɗari ba. Binciken da ya biyo baya ma ya nuna sau da yawa matasa kan kambama haɗarin fiye da yadda yake, har da yiwuwar su mutu nan kusa. Kuma idan ka zaunar da ɗan shekara 16 shi kaɗai cikin natsuwa, ka ba shi lamari ya auna riba da hasara, tunaninsa ya kusa kamo na babba. To ɗakin jarrabawa ke nan: shiru, babu gaggawa, babu mai kallo. Bayan aji kuwa akwai masu kallo, kuma nan ne labarin yake.

A 2005 Margo Gardner da Laurence Steinberg na Jami'ar Temple a Amurka suka sa mutum 306 wasan tuƙin mota a kwamfuta. Mota tana tafiya, fitilar hanya ta nuna ruwan ɗorawa, sai mai wasa ya zaɓa: ya taka birki ya tsira da makin da ya tara, ko ya ci gaba ya ƙara maki amma yana iya karo ya rasa komai. An kasa su gida uku, 'yan shekara 13 zuwa 16, 'yan 18 zuwa 22, da manya daga 24 zuwa sama. Wasu sun yi wasan su kaɗai, wasu kuma da sa'o'insu biyu a gefe. Su kaɗai, yaran da manyan kusan tuƙi ɗaya suka yi. Da aka ajiye sa'o'i a gefe, gangancin ƙananan ya ninka kusan sau biyu, na 'yan tsakiya ya ƙaru da kamar rabi, manya kuwa ko a jikinsu.

Za ka ce ai abokan ne ke zuga shi. Su ma masu binciken sun yi wannan tunani, shi ya sa a 2011 Steinberg ya sake gwajin tare da Jason Chein. A wannan karo mai wasan yana kwance cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, abokan suna wani ɗaki dabam suna kallo ta allo, ba su da damar ba shi shawara. Sanin cewa ana kallonsa kawai ya isa. Gangancin ya ƙaru, kuma sassan ƙwaƙwalwar da ke kula da ɗoki da jin daɗin samu sun ƙara motsawa a wajen matasan, ba su ƙara ba a wajen manya. A 2014 har ɓeraye suka gwada: ɓera mai tasowa ya fi shan giya idan yana tare da sa'o'insa, babban ɓera kuwa da shi kaɗai da cikin taro duk ɗaya. Ɓera dai ba ya kallon finafinai, ba shi da waya, ba a kuma ce uwarsa ta kasa tarbiyya ba.

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da waɗannan gwaje-gwaje suka ƙara mana ya fi haka tayar da hankali: ba lallai sai akwai maɗaukin kanwa a cikinsu ba. Yara biyar na kirki, kowa daga gidan mutunci, idan suka haɗu babu babba kusa, suna iya aikata abin da babu ɗayansu da zai yi shi kaɗai. Don haka in uba ya zo ofishinka yana rantsuwa cewa abokai ne suka lalata masa ɗa, ka sani iyayen sauran huɗun ma haka za su ce, kuma mai yiwuwa kowannensu yana da gaskiya.

Dalilin yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Da balaga, sashen da ke neman daɗi da sabon abu da yabon tsara yakan farka da ƙarfi. Sashen da ke bayan goshi, mai tsara gaba da danne zuciya, shi a hankali yake nuna, ba ya kammala sai an shiga shekaru ashirin da wani abu. Steinberg da tawagarsa sun auna mutum fiye da 5,000 'yan shekara 10 zuwa 30 a ƙasashe 11, ciki har da Kenya da Jodan da Indiya, suka wallafa a 2018. Son abin da ke motsa jini yana hauhawa har ya kai ƙololuwa wajen shekara 19 sannan ya fara sauka, iya riƙe kai kuwa yana ta ƙaruwa sannu a hankali har wajen 23 zuwa 26. Wannan tazara ta bayyana a yawancin ƙasashen. Abin da ya bambanta ƙwarai shi ne abin da matasa ke aikatawa a zahiri, domin shi ya danganta da abin da ke kusa da hannu da kuma wanda ke sa ido. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ka je wajen mai shayi bayan isha'i a watan Disamba, a kowace unguwa daga titin Bauchi har Bukuru, lokacin da sanyin Jos ke ratsa ƙashi. Samari biyar a kan benci, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, hula har kunne. Robar lemo guda tana zagayawa hannu zuwa hannu, ruwan cikinta ya ɗan fi na kanti kauri. Ta iso kan ƙaraminsu. Babu wanda ya ce masa sha. Wani dai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ku ƙyale shi, ɗan Hajiya ne." A daƙiƙa biyun nan yaron yana lissafi, kuma lissafinsa ba na wawa ba ne. A gefe guda akwai ciwon da aka ce zai iya samunsa bayan shekaru masu yawa. A ɗaya gefen akwai suna da zai manne masa gobe da safe, a aji, a filin ƙwallo, a gaban yarinyar da yake so. Sarah-Jayne Blakemore, masaniyar ƙwaƙwalwar matasa a Ingila, ta daɗe tana jan hankali a kan haka: matashi ba ya daina gudun haɗari, sai dai haɗarin da ya fi tsoro shi ne a ware shi. Mu muna ganin ya zaɓi haɗari, shi kuwa a ganinsa gudun haɗari ya yi.

Da wannan za ka gane abin da ya sa laccar taron safe ba ta tasiri. Ba ku kaɗai ba ne. A 1983 aka fara wani shiri a Los Angeles mai suna DARE, inda 'yan sanda cikin kaki ke shiga aji suna koyar da illar ƙwaya. Ya bazu zuwa yawancin gundumomin makarantun Amurka, an kashe masa kuɗi mai yawa, iyaye da 'yan siyasa suna yabo. Da aka tattara sakamakon bincike a 1994, tasirinsa a kan shaye-shaye ɗan kaɗan ne ƙwarai, wani bincike kuma da ya bi ɗaliban har shekara goma bai ga bambanci ba. Akwai wanda ya fi wannan muni. An riƙa kai yara masu ƙiriniya gidan yari, fursunoni su yi musu tsawa su ba su labarin azabar ciki don su tsorata. Da Anthony Petrosino da abokansa suka haɗa gwaje-gwaje tara da aka yi a kan irin wannan shiri, sai suka ga yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya.

Tsoro yana aiki ne kawai idan mutum yana ganin akwai abin da zai yi kuma zai iya. In babu wannan, sai ya kawar da kai ko ya mai da abin wasa. Shi kuwa tsohon ɗan ƙwaya da kuke kawowa, ina girmama ƙarfin halinsa, amma ka duba shi da idon ɗan shekara 15. Ga mutum tsaye da ƙafarsa, cikin shadda mai guga, an ba shi lasifika, shugaban makaranta yana tafa masa, labarinsa kuma ya fi duk darussan mako daɗin ji. Abin da wani yaron ke ɗauka shi ne: ashe ana shiga a fito.

Sai kuskuren da kusan kowane mai faɗakarwa ke yi, wato cewa "shaye-shaye ya gama da matasanmu, kowa yana sha." Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 magungunan kashe zafi irin su tiramadol, miliyan 2.4 maganin tari. Adadi ne mai ban tsoro. Amma ka juya shi: fiye da 85 cikin kowane 100 ba su taɓa ba a wannan shekara, kuma shan ya fi yawa ne a tsakanin 'yan 25 zuwa 39, ba 'yan sakandare ba. Matasa a ko'ina sukan zaci sa'o'insu sun fi su sha kuma sun fi su jin daɗin abin. Deborah Prentice da Dale Miller sun nuna haka a Jami'ar Princeton a 1993: yawancin ɗalibai ba su gamsu da yawan shan giyar da ake yi ba, amma kowa yana zaton shi kaɗai ne bai gamsu ba, sai ya yi shiru, wasu samarin ma suka karkata zuwa abin da suke zaton ra'ayin jama'a ne. Duk ranar da babba ya hau mumbari ya ce kowa yana sha, ya gaya wa yaron da ba ya sha cewa shi ne bare.

To me ya yi aiki? Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya daina faɗa da halin matashi, ya ɗauki halin ya yi amfani da shi. Matashi ya tsani a raina masa hankali. A 1998 jihar Florida ta fara wani kamfen na yaƙi da sigari wanda bai tsaya kan ciwon daji ba. Ya fito da yadda kamfanonin taba ke tsara tallarsu don kama yara, ya bar matasa da kansu suna tona asirin. Cikin shekara biyu masu shan sigari a ƙananan sakandaren jihar suka sauka daga kashi 18.5 zuwa 11.1, a manyan sakandare daga 27.4 zuwa 22.6. Christopher Bryan da David Yeager sun gwada irin wannan dabara da abinci a wata makaranta a Texas. Wasu ɗalibai an ba su bayanin lafiya da aka saba, wasu kuma an ba su rahoton yadda kamfanoni ke haɗa kayan kwalam don a kasa bari, suna auna ƙananan yara da talakawa. Rukuni na biyu ne suka fi sauya zaɓi, a gwajin da aka wallafa a 2019 kuma yara maza sun rage sayen kayan kwalam a kantin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin uku har tsawon wata uku.

A nan gida ba mu rasa abin tonawa ba. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan gida daga hannun ma'aikatan wasu kamfanonin magani zuwa kasuwar bayan fage, gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi nan take. Tiramadol da likita ke rubutawa mai lamba 50 ne ko 100, wanda ake kamawa a tashoshin jiragen ruwa kwantena-kwantena kuwa mai 225 ne ko 250, an yi shi ne musamman don kasuwar da ba ta asibiti ba. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai, amma ka aiki ɗan firamare wajen mai tireda ka gani. Shisha kuwa an sa mata ƙamshin tuffa da na'ana'a, an yaɗa cewa ruwan yana tace dafin, alhali tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zaman shisha na awa guda na iya kai hayaƙin sigari ɗari ko fiye a yawan abin da ake zuƙa. Ka ba 'yan ajin ƙarshe wannan a matsayin aikin bincike, su gano wa ke cin riba, nawa yake samu, ko 'ya'yansa suna sha. Su gabatar wa ƙannensu da kansu. Yaron da ya ƙi karɓar robar nan don Malam ya hana, ɗan Hajiya ne. Wanda ya ƙi don ba zai zama kasuwar wani ba, yana da amsar da zai bayar a kan benci ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Na biyu, a bi ta kan tsaran. A Ingila da Wels an yi gwaji a makarantu 59, ɗalibai fiye da 10,000 'yan shekara 12 zuwa 13, aka wallafa a 2008. An tambayi ɗaliban su rubuta waɗanda suke ganin girmansu a ajin, aka ɗauki waɗanda suka fi samun ƙuri'a aka horar da su kwana biyu a wajen makaranta, aka ce su riƙa sako zancen sigari cikin hirarsu ta yau da kullum. Yiwuwar zama mai shan sigari ta ragu da kamar kashi 22 cikin ɗari. Ka lura, ɗalibai ne suka zaɓa. Da malamai aka bari, da sun ɗauko shugaban ɗalibai da mai jan salla da wanda ya zo na ɗaya, waɗanda 'yan bayan aji ba sa saurara. Wasu daga cikin waɗanda za su fito a irin wannan ƙuri'a su ne masu ba ka ciwon kai, kuma su ake nema.

Akwai kuma manhaja mai darasi 12 da ake kira Unplugged, wadda malamin aji ke koyarwa ta hanyar tattaunawa da wasan kwaikwayo: yadda ake ƙin abu ba tare da an ɓata da aboki ba, yadda ake gyara zaton cewa kowa yana sha. An gwada ta a makarantun sakandare 32 a Nijeriya tare da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da NDLEA da NAFDAC, aka ga ta rage shan giya a tsakanin ɗaliban. Tasirin ba mai girgiza ƙasa ba ne, amma an auna shi a kan yaranmu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu mu koma kan abin da ke kusa da hannu da wanda ke sa ido. Ayislan, ƙaramar ƙasar tsibiri a arewacin Turai, a 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce. A 2016 kashi 5 ne. Masu shan sigari kullum sun sauka daga 23 zuwa 3. Ba lacca suka ƙara ba. Sun hana yara yawon dare bayan wani lokaci, iyayen unguwa suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, hukuma ta zuba kuɗi a wasanni da kiɗa da sauran ayyukan bayan makaranta ƙarƙashin kulawar manya, suna kuma auna ɗalibai da tambayoyi a kai a kai su mai da wa kowace unguwa sakamakonta. Ba gwaji ne mai rukunin kwatance irin na Ingila ba, kuma shan giyar matasa ya ragu a wasu ƙasashen Turai a wannan lokaci, don haka ba na ɗora musu duk yabon. Ƙasa ce kuma mai arziki wadda mutanenta ba su kai na Jos yawa ba. Amma tunanin ya dace da gwajin motar nan: tunda haɗuwar sa'o'i babu babba ita ce matattarar ganganci, a cika sa'o'in da ke tsakanin tashi makaranta da kwanciya. Muna da Islamiyya, muna da ƙungiyoyin matasa na coci, muna da kulob-kulob na ƙwallo a kowace unguwa, muna da koyon sana'a. Sai dai da yawa yaro yakan zame daga Islamiyya daidai lokacin da ya fara jin ya girma, wato daidai lokacin da ya fi bukatar wurin zuwa, saboda har yanzu ana zaunar da shi da 'yan shekara tara ana nuna masa bulala. A ba shi aji ya koyar, ko a ba shi riƙon kuɗin kulob, ka ga yadda zai tsaya.

Batun tarbiyyar gida da ka tambaya, tana da tasiri, amma ba ta fuskar da aka fi zato ba. An daɗe da sanin cewa yaran da iyayensu suka san inda suke da waɗanda suke tare sun fi tsira. Sai aka fassara haka da cewa a tsananta bincike. A 2000 Håkan Stattin da Margaret Kerr suka duba 'yan shekara 14 a Suwidin, suka tambaya: ta ina iyayen suke samun wannan sani? Mafi yawansa daga bakin yaron ne, shi yake faɗa da kansa. Titsiye da bin diddigi ba su ba da sanin sosai ba. Wato uban da ya san inda ɗansa yake, yawanci uba ne da ake iya gaya wa magana. A gidajenmu da yawa ɗa namiji da ya balaga ba ya zama inuwa ɗaya da mahaifinsa, kunya da girmamawa sun raba su, ɗakinsa yana zaure ko ƙofar gida, shigarsa da fitarsa ba wanda ya sani. Ba na cewa a rushe kunya. Amma al'adar da ta nisanta uba ita ce ta tanadi kawu da gwaggo da kaka da yaya, waɗanda ake iya yi wa maganar da ba a yi wa uba. Idan kun kira taron iyaye, ka tambaye su abu ɗaya: wane babba ne ɗanka zai kira in ya shiga matsala da tsakar dare? In babu amsa, a nemo.

Akwai wani gyara da ya zama dole. Mafi yawan binciken da na ambata a kan 'ya'yan Turawa aka yi. Jeffrey Arnett ya ƙirga a 2008 ya ga kusan kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake bincike a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suke. A can galibi zancen nishaɗi ne da biki. A nan, yaro da yawa ba don nishaɗi ya fara tiramadol ba, don aiki ya fara: mai dakon buhu a Farin Gada, mai haƙar kuza a rami, mai tuƙa keke daga asuba har dare, ɗalibin da ke zuwa gareji bayan an tashi. Shi magani yake ganin ya sha, na ƙarfi da gajiya, kuma laccar "abokan banza" ba da shi take ba. Jos ma tana da nata tarihin a wannan fanni, domin a nan Farfesa Isidore Obot, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Jos, ya kafa cibiyar CRISA a 1990 don binciken shaye-shaye a Afirka.

Sannan akwai masu sha don su yi barci ko su daina tunani. Binciken ƙasa da na ambata ya nuna ɗaya cikin kowane mutum huɗu masu shan ƙwaya mace ce, su kuma ba a benci suke sha ba, a ɗaki ne, shi ya sa ba ka kama su a bayan aji. Binciken Ronald Kessler na 2005 a Amurka ya nuna rabin cututtukan damuwa da na ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kashi uku cikin huɗu kafin 24. Jos gari ne da ya ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, ɗalibanka na yau 'ya'yan waɗanda suka gani da idonsu ne, wasu marayu, wasu sun tashi a gidan da aka yi gudun hijira daga wata unguwa zuwa wata. Ka ƙara da rashin barci. Mary Carskadon ta nuna cewa da balaga agogon jiki yana ja baya, barci ba ya zuwa da wuri, ga shi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. Yaron da ya raba dare yana cin garaɓasar data, ya tashi asuba, ya kama hanyar makaranta, da guntun haƙuri zai wuni.

Saura waɗanda kuka kama. Kora ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuma na fi shakka. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya kwatanta makarantun jihar Washington a Amurka da na Victoria a Ostareliya, ya ga ɗaliban makarantun da ke dakatar da wanda aka kama sun fi yiwuwar shan wiwi a shekara mai zuwa da ninki 1.6, kuma ba waɗanda aka dakatar kaɗai ba, har sauran. Makarantun da ke tura yaro ya zauna da malami su tattauna sun fi samun sauƙi. Wanda ka kora ka ba shi wuni guda cur a majalisa. A yi hukunci, amma a cikin makaranta, a kuma yi shi ba tare da tozartawa a gaban taro ba, domin wanda aka kunyata a gaban tsaransa zai nemi hanyar dawo da girmansa, kuma ka san inda ake samun ta da arha.

Idan ka zauna da shi, kai da shi kawai, kada ka fara da illa, ya riga ya haddace. Ka tambaye shi, "Me yake yi maka in ka sha?" Sai ka yi shiru, ko shirun ya yi tsawo. In ya ce yana sa shi barci, ko yana cire masa kunya, ko yana hana shi jin yunwa, ka sami ainihin abin da za a yi aiki a kai. Daga nan ka tambaya, "Me kuma ba ka so game da shi?" Ka bari shi ya kawo dalilin bari da bakinsa. Wannan ita ce hanyar da William Miller ya fara bayyanawa a 1983, kuma asibitoci da yawa a duniya suna amfani da ita. In ya nuna yana so ya rage, kada ku rabu a kan "zan daina insha Allahu" kawai. Ku tsara takamaimai: in robar ta iso kaina zan ce ciwon ciki nake yi, in an tashi makaranta ta gaban masallaci zan bi ba ta bayan kemis ba. Binciken Peter Gollwitzer ya nuna irin wannan shiri na "in kaza ya faru zan yi kaza" ya fi niyya zalla cika.

Wanda kuwa yake sha kullum, ko jikinsa ke ciwo da zufa da rashin barci in bai sha ba, ko ya taɓa faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, wanda tiramadol mai yawa kan jawo, ko yake haɗa shi da roci, wato ƙwayar sa barci, ko giya, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, wannan ya wuce ofishin ladabtarwa. A kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ko wani asibitin da ke da likitan fannin, kuma kada a tilasta masa yankewa lokaci guda a gida, musamman mai shan roci, domin yankewar kanta tana iya kawo jijjiga. Ka ja kunnen iyaye a kan gidajen mari. A Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani irin gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Kafin ka kira mahaifin kuma, ka fara gaya wa yaron cewa za ka kira, da ranar, da abin da za ka faɗa, ka tambaye shi ko akwai wani babba a dangi da yake so ya zauna a wajen.